Layin Da Ba Za Ki Haddace Ba

Madabo, Kano.
Asabar, bayan azahar.

Zuwa ga 'yata Hauwa'u Jidda,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa kin sauka lafiya, Ya haɗa ki da abokan zama nagari da malamai masu tausayi, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya tsare miki idonki. A ƙasan akwati na sa wannan takarda, ƙarƙashin zannuwan gado, don na san sai kin kwashe komai za ki gan ta. Lokacin ni da Abbanki mun daɗe da juyowa gida, ba damar ki kalle ni ki ce, "Mama, kin fara ko?"

Kada ki yi dariyar girman rubutun. Da gangan na yi, za ki ga dalili a ƙarshe. Kada kuma ki tsallaka ki leƙa ƙarshen, na san halinki don halina ne.

Yau na kasa zama. Kin tafi da Hajiya, kakarki, yin sallama da dangi a Ƙofar Dawanau, gidan ya yi mini faɗi. Sau huɗu na buɗe akwatin nan ina duba kwalaben maganin idonki. Da Abbanki ya zo cin abinci ya same ni a durƙushe a kansa, sai ya ce, "Maryam, in kika ƙara buɗe akwatin nan zan sa masa kwaɗo in tafi da mukullin shago. Makarantar kwana za ta, ba ƙasar waje ba." Na yi dariya don ya tafi. Yana fita na sake buɗewa.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya-jiya kika bar shi. Laifina zan faɗa miki. Kin san idonki na dama ya tafi, sai ɗan haske da inuwa. Kin san na hagu da shi kike rayuwa, shi ma sai da aka yi masa aiki. Abin da aka gaya miki shi ne ciwo ne da magani suka jawo. Gaskiya ne, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Akwai hannuna a ciki, kuma shekara goma sha biyu ta isa ki sani. Ido ɗaya ya rage mana, Jidda, kuma daga gobe ba a hannuna yake ba, a hannunki yake.

Bari in fara da karatu, tunda shi ne cutata. Kin buɗe ido kin gan ni da littafi. Tun ina budurwa nake karɓar hayar littattafan soyayya a wajen wata mata a Ƙofar Nassarawa, da waya ta zo na koma karantawa a waya. Miyar da na ƙona saboda littafi Allah kaɗai Ya san yawanta. Ranar da aka ce kina da sankarar jini, kina shekara bakwai, da jaka biyu na shiga asibiti, ɗaya kayanki, ɗaya littattafai. Ban ce wannan laifi ne ba, su suka riƙe ni a kan bencin nan wata da watanni. Ke ma kin gaje ni. Ana miki ƙarin ruwa a hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da littafin labaran yara, kina karanta mini da ƙarfi har masu jinyar gadon kusa su matso.

Bayan kamar shekara da fara magani, lokacin da ƙwayoyin nan farare suka kumbura miki kumatu kike tashi da malmalar tuwo biyu, sai kika fara miƙo mini littafin. "Mama, ke karanta, muryarki ta fi daɗi." Wayyo, daɗin da na ji! Na gyara zama, ina canza murya, ina yi miki ta kura ina yi miki ta gizo. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina ba, yarinyar da ke ƙwace littafi daga hannuna me ya sa yau take ba ni? In kin fito tsakar gida da rana kuma sai ki lumshe ido, ki kare fuska da hannu. To a littattafaina duk yarinyar kirki lumsassun idanu gare ta. Har ce wa Abbanki na yi, "Dubi 'yar nan, idonta sak na 'yan matan littafi." Ya ce, "Ke dai komai littafi." Ashe yanar ido ce ta fara fito miki, hasken rana yana watsewa a cikin idon yana dukanki. Ciwo nake kallo ina ce masa kyau.

Saboda haka ki ji. Na roƙa a ba ki kujerar gaba a aji, kada ki ba wa wata don a ce kina da kirki. Ranar da kika ɗaga kai kika ga rubutun allo ya yi hazo, ko kika ga fitila ta yi zobe mai launi, kada ki jawo littafin ta kusa da ke ki kwafa ki yi shiru. Kada ki ce wa kowa muryarta ta fi daɗi. Kina da baki mai daɗi, kin iya juya magana yadda babba zai ji daɗi ya ƙyale ki. Da ni kika koya, kuma ya ci mana ido guda.

Na tashi na duba wake a wuta, na dawo. Na kuma tuna ban sa miki hular rana ba, na sa. Tana aljihun gefe tare da gidan tabarau.

Na biyu shi ne kwalli. Wannan har yanzu in na ga tandu a kan madubi gabana sai ya faɗi. Gashinki ya zube, girarki ta zube, har gashin ido. Ana saura kwana uku bikin ƙanwar Abbanki kika tsaya gaban madubi kika ce, "Mama, na zama kamar ƙwai." Kin faɗa kina dariya, ni kuwa na shiga ɗaki na yi kuka. Na rantse sai kin fi kowace yarinya kyau a bikin nan. Na ɗaura miki ɗankwali mai ruwan zuma, na zana miki gira, na ɗauko tsinken kwallina, wanda ni da maƙwabta biyu muke amfani da shi, na rambaɗa miki. An gargaɗe mu a asibiti cewa jikinki ba shi da ƙarfin yaƙi da cuta, kada ki ci ɗanyen ganye, kada ki shiga taro. Na kiyaye ganye. Ban taɓa ɗaukar kwalli a matsayin wani abu daga waje ba. Tun ranar sunanki ake sa miki, iyayenmu ma cewa suke yana wanke ido.

Kwana biyu idon ya yi jajur, yana ruwa, da safe ya manne. Maimakon in mai da ke asibiti, sai na ji tsoron faɗan likita, na ji tsoron a kwantar da ke bikin ya wuce ki. Na saka hijabi na tafi kemis ɗin bakin titi. Yaron kantin bai tambaye ni komai ba, ni ma ban gaya masa komai ba. Na ce ido ne ya yi ja. Ya miƙo mini wata 'yar kwalba ya ce, "Hajiya, wannan kwana ɗaya zai yi fari tas." Ya kuwa yi fari. Kin je biki, an yi miki hoto, yana nan a bango. Da na ga yana aiki sai na mai da shi abokin zama, ko yaya idon ya ɗan kaɗa sai in ɗiga. Kwalba ta ƙare in sayo wata. Na daman ya fi yawan ja, shi ya fi shan ɗigo.

Sai daga baya likitar ido ta juya kwalbar a hannunta ta ce mini, "Maman Jidda, kin san mene ne wannan? Ɗan'uwan ƙwayar da take sha ne. Waccan kaɗai tana iya ɗaga ƙarfin ruwan cikin ido ga wasu yara, shi ya sa muke son mu riƙa dubawa. Ke kuma kin ƙara mata ta waje." Hawan jinin ido ke nan, wanda yake cin jijiyar gani a hankali ba tare da ihu ba. Ta ce yanar ido ana cire ta, amma jijiyar da ta mutu ba ta dawowa.

A makarantar kwana za ki ga ana yawo da kwalli ɗaya ɗaki guda, musamman ranar Juma'a da ranar ziyara. Za a ce miki, "Ke Jidda, idonki fari fat kamar mara lafiya, zo in sa miki." Ki ce likita ya hana. In sun ce kina da iyayi, ki bar su su faɗa. In ciwon idon nan mai yawo ya shigo makaranta, kowa zai zama likita: wata ta ce ruwan gishiri, wata ta ce ruwan sukari, wata ta fito da kwalbar da ta zo da ita daga gida. Ba abin da zai shiga idonki sai kwalabe biyun da aka rubuta sunanki a jiki, safe da yamma, bayan kin wanke hannu. Tawul ɗinki naki ne ke kaɗai, matashin kanki ma haka. Kwalba uku-uku na sa, na ba wa malamar ɗakin kwananku takardar likita, zan kuma ƙara gaya mata gobe ko da Abbanki zai harare ni.

Yanzu na zo kan wanda nake ta kewaye-kewaye don kada in rubuta. Na fita na kwashe shanya, na share tsakar gidan da na riga na share. To, ga shi.

Likitan jini ya tura mu sashen ido a duba ki, kamar yadda ake tura duk yaran da ke shan wannan magani. Kin tuna bencin nan dogo, da ƙofar da ba a rufewa saboda zafi? A ciki akwai allon gwaji, haruffa manya a sama suna ƙanƙancewa zuwa ƙasa. Yaro ya shiga, a rufe masa ido ɗaya, ya karanta da ƙarfi, a rufe ɗayan ya sake. Akwai yara kusan goma a gabanmu. Ina karatu a waya, sai na ji bencin yana ɗan motsi. Na waiwaya. Kin sunkuyar da kai, kina rangaji gaba da baya kamar yadda kike yi a kan tabarmar Islamiyya, leɓenki yana motsi. Yarinyar da ta haddace izu biyar kafin ta kwanta ciwo, haruffa talatin me za su yi mata? Kafin layi ya zo kanmu kin ɗauke allon nan tun daga sama har ƙasa.

Na gani, Jidda. Na gane abin da kike yi sarai.

Muka shiga, aka rufe miki na hagu, kika zubo su tiryan-tiryan har layin ƙarshe, har da ɗan tsayawa kamar mai ƙoƙarin hangowa. Nas ɗin ta tafa ta ce, "Kai, wannan ai idon shaho gare ta!" Ta juyo ta tambaye ni, "Akwai wani abin da kika lura da shi a gida? Tana kukan ciwon kai? Kuna sa mata wani magani?" Kwalbar kemis tana cikin jakata a lokacin. Na ce, "Babu komai, Sista." Ta rubuta, ta ce mu dawo bayan wata uku.

Na sha tambayar kaina me ya sa. Ba don ban damu da ke ba ne. Na gaji ne da mugun labari. Shekara guda da rabi duk ƙofar da muka shiga a asibitin nan sai an ce jini ya sauka, sai an ƙara, sai an yi allurar baya, sai an kwana. Ranar nan kaɗai aka tafa mana. Ina son in fito daga ɗaki ɗaya da labari mai daɗi in kai wa Abbanki. A littattafan da na saba, in wahala ta kai wani wuri sai marubuciya ta tausaya ta juya labarin, ni kuma na ga kamar mun kai wurin. Na saya miki awara a bakin ƙofa, muka hau adaidaita muna dariya. Ke kina murna kin ci jarrabawa, ni ina murna an yaudare ni. Wata ukun nan da muka tafi da su, a cikinsu idon dama ya tafi.

Hajiya ce ta tona mu. Kin san ba ta zama ba hula a hannu, kuma tun kina shekara biyar ke kike zura mata zare a allura. Wata ranar Talata da hantsi ta kira ki daga ƙofar ɗakinta, "Kishiyata Hauwa, mai sunana, zo ki zura mini." Kika karɓa, kika juya mata baya, kika daɗe. Sai kika ce, "Hajiya, allurar nan taki ba ta da ƙofa." Ta ce, "Ja'ira, allurar da na yi wata ina ɗinki da ita?" Ta ba ki babbar allura ta ɗinkin buhu. Ita ma kika yi ta soka zaren a gefe. Hajiya ta jawo ki kusa da ita. Ta sa tafin hannunta ta rufe miki idon hagu, ta ɗaga yatsu ta ce, "Nawa ne nan?" Kika ce biyar. Biyu ne.

Ta kira ni da cikakken sunana, abin da ba ta taɓa yi ba. "Maryamu, ajiye wayar nan. Yarinya tana makancewa a gabanki kina karanta auren mutanen da ba a haifa ba." Na fara cewa ai an gwada a asibiti an ce garau ne. Ta ce, "Ni ban yi boko ba, amma na san yatsa biyu. Ɗauko mayafinki." Tsohuwar da nake ganin ba ta san komai ba sai hula da carbi, ita ta ja mu har gaban likita a ranar, ba ta jira ranar da aka rubuta a kati ba.

Likitar ta saurare mu, ta dube ki ta ce, "Malama Jidda, an ce ke hafiza ce. To yau daga ƙasa za mu fara, kuma ni zan nuna harafin da nake so." Kika kasa. Sai hawaye. Kika ce, "Ba na so Mama ta ƙara yin kuka ne." Wannan maganar ita ce ta fi komai yi mini ciwo, har yau. Ina zaton ni nake lallaɓa ki, ashe ke kike lallaɓa ni.

To ki saurare ni da kyau, don saboda wannan na ɗauki biro. Kukana ba aikinki ba ne. In yi kuka in share, ba a taɓa kwantar da kowa a asibiti don ya yi kuka ba. In idon ya yi ja, ko ya yi ciwo, ko kika ga abu ɗaya ya zama biyu, ko wani baƙin abu yana yawo a gabanki, ko ciwon kai mai sa amai, ki je wajen malamar ɗakin kwana a ranar, ba gobe ba, ba bayan jarrabawa ba. Ki ce a kira gida. Likita ta gaya mana ciwon jinin ma, Allah Ya kiyaye, wani lokaci ta ido yake fara nuna alamar dawowa, kuma wanda aka kama da wuri ya fi sauƙin magani. Shekara biyu ke nan da gama maganinki, kullum gwaji yana fitowa lafiya, alhamdu lillahi. Ba tsoro nake ba ki ba. So nake in an tambaye ki ki faɗi abin da kike gani, ba abin da ake so a ji ba. Ranar ganin likita kuma tana nan a bayan katinki, Abbanki zai zo ya ɗauke ki ko ana tsakiyar darasi.

Akwai kuskure na ƙarshe, shi kuma saura kaɗan in tafka shi bana. Da sakamakonki ya fito aka ba ki makarantar nan, na ce ba inda za ki. Na ce ga ta jeka-ka-dawo nan kusa, in riƙa ɗiga miki magani da hannuna. Na yi kwana uku ba na yi wa Abbanki magana. Ke ce kika same ni a kicin kika ce, "Mama, in kin ajiye ni a ɗaki don kada idon ya lalace, to me zan kalla da shi? Bango?" Hajiya daga tsakar gida ta ce, "Faɗa mata dai, takwara." Shi ya sa na sake ki, ba don hankalina ya kwanta ba. Bai kwanta ba. Ki je ki kalli duk abin da ake kallo, ki yi karatu a wuri mai haske, in idon ya gaji ki rufe littafi ki huta. Na sa miki littattafan labari biyu, na duba su, rubutunsu manya ne. In kin gama ki ba ni labari, wannan karon ke za ki karanta mini.

Ga kiran la'asar, kuma na ji kamar muryar Hajiya a zaure, bari in yi sauri.

Ga dalilin girman rubutun. A ƙasan takardar nan na yi miki allon gwaji irin nawa. Layi uku ne, na farko babba, na biyu matsakaici, na uku ƙanana kamar rubutun littafin makaranta. Ba wanda ya taɓa karanta su da ƙarfi, ba yaran da ke gabanki a layi, ba inda za ki ji ki haddace. Ki sa tabarau, ki tsaya bakin taga da rana, ki riƙe takardar a inda kike riƙe littafi. Ranar da aka ba ku waya ku kira gida, kafin ki tambaye ni kowa, ki karanta mini su. In kin tsaya a na biyu, ki ce, "Mama, a na biyu na tsaya." Wallahi ba zan yi kuka a waya ba, mayafi zan ɗauka. Duk wanda zai zo ziyara zan ba shi sabuwar takarda da sababbin layuka, don na san kafin sati ki haddace waɗannan.

Allah Ya yi miki albarka, Ya raya ki, Ya ƙara miki lafiya, Ya bar miki hasken da Ya bar miki, Ya kai ki lafiya Ya dawo mana da ke lafiya. Abbanki yana sa miki albarka. Hajiya ta ce in gaya miki allurarta tana jiran hutu.

Mamanki,
Maryam.

JIDDA, KIN ƊIGA NA SAFE?

Na ɓoye miki alawar madara a cikin safar makaranta.

Na ga leɓenki yana motsi ranar nan, na yi shiru. Ki yafe mini.